Me ake nufi da katsalandan a zaɓen 'yan wasan ƙasa?

Ranar da aka fitar da sunayen 'yan wasan da za su wakilci ƙasa, ka leƙa gidan kallon ƙwallo da daddare. Za ka tarar da mutum ɗaya riƙe da waya yana karanto sunayen, sauran sun yi tsit. Da ya ambaci wani wanda ya yi wata shida yana ɗumama benci a ƙungiyarsa, sai ka ji murya daga baya: "Wannan ai yaron oga ne." Wani ya karɓe: "Katsalandan aka yi wa koci."

A Hausa, katsalandan shi ne mutum ya tsoma baki ko ya sa hannu a abin da ba huruminsa ba, ɗan uwan shisshigi ke nan. A harkar wasanni kuwa, ana nufin mai riƙe da mulki, shugaban ƙasa ne ko minista ko gwamna, ya sa a ɗauki wani ɗan wasa ko a ajiye wani, bisa dalilin da ba shi da alaƙa da iya wasa. Amma ba kowace magana ta gwamnati ke shiga wannan ma'ana ba. A yawancin ƙasashen Afirka gwamnati ce ke biyan kuɗin jirgi da masauki da alawus, don haka in ta nemi bahasin yadda aka kashe kuɗin jama'a, haƙƙinta ne. Inda ake ƙetare iyaka shi ne ranar da mai ba da kuɗi ya karɓe alƙalami daga hannun mai horarwa.

Misalin da ya fi shahara a nahiyarmu na Kamaru ne. A 1990 Roger Milla yana da shekara 38, ya riga ya yi ban kwana da tawagar ƙasa, yana buga wa wata ƙungiya a tsibirin Reunion. Shugaba Paul Biya ne ya nemi a mayar da shi cikin masu zuwa gasar cin kofin duniya a Italiya. Milla ya je, yana shigowa daga benci, ya ci ƙwallo huɗu: biyu a ragar Romaniya, biyu a ta Kolombiya. Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe, inda Ingila ta fitar da ita da ci 3 da 2 bayan ƙarin lokaci. Masu kare katsalandan kullum wannan labari suke kawowa, kuma wallahi ni ma ina son Milla da rawar da yake takawa a gindin tutar kwana. Sai dai abin da ke damuna shi ne, mutum 22 kacal ake ɗauka a wancan zamani. Shigar ɗaya fitar ɗaya ce. Akwai matashin da ya yi shekaru yana zuba gumi, ya rasa gurbi, yau ba mai tuna shi. Kuma da abin bai yi kyau ba, koci za a tsare da tambaya a kan jerin da ba shi kaɗai ya rubuta ba.

A Brazil ma an taɓa haka. Gab da gasar cin kofin duniya ta 1970, shugaban mulkin soja Janar Medici ya nuna yana son a ɗauki ɗan wasan gaba Dario. Koci Joao Saldanha ya ƙi, kuma amsar da ake danganta masa ta shahara: shugaba ya naɗa ministocinsa, shi kuma a bar masa tawagarsa. A watan Maris aka sallame shi. Mario Zagallo da ya gaje shi ya tafi da Dario Meziko, Brazil ta ɗauki kofi, Dario bai buga ko minti ɗaya ba.

Wani lokaci hannun mai mulki bai tsaya kan ɗan wasa ɗaya ba, tawagar gaba ɗaya yake kamawa. Najeriya ce ke riƙe da kofin Afirka na 1994 lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana Super Eagles zuwa gasar 1996 a Afirka ta Kudu, bayan takun saƙar da ta shiga tsakanin ƙasashen biyu kan rataye ɗan fafutuka Ken Saro-Wiwa da gwamnatin Abacha ta yi. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta hukunta Najeriya da hana ta shiga gasar 1998. Tawagar su Okocha da Kanu da Amokachi tana kan ganiyarta, ta yi asarar gasa biyu a jere.

Dokokin FIFA sun wajabta wa kowace hukumar ƙwallo ta tafiyar da harkokinta ba tare da sa hannun wani na waje ba, hukuncin saɓa wannan kuwa dakatarwa ne. Shi ya sa a 2010, da Shugaba Goodluck Jonathan ya janye Super Eagles daga wasannin duniya na shekara biyu saboda rashin abin kirki a gasar cin kofin duniya, kwanaki kaɗan aka yi ya soke umarnin. A Yulin 2014 kuwa sai da FIFA ta dakatar da Najeriya na ɗan lokaci kan tsige shugabannin hukumar ƙwallo.

Amma wannan doka abin da ya fito fili kawai take kamawa: sanarwar gwamnati, umarnin kotu, rushe hukuma. Katsalandan ɗin da ya fi yawa ba ya barin sawu. Kiran waya ne da tsakar dare, ko 'yar takarda a ninke. Na taɓa tsayawa a bakin fili ranar tantance matasa a wata jiha, na ga wani mutum cikin babbar riga ya miƙa wa koci takarda. Kocin ya buɗe, ya karanta, ya cusa a aljihun wandon atisaye bai ce uffan ba. Da yamma da ake kiran sunaye, wani yaro mai tsaron baya wanda ba a iya wuce shi ba tun safe ya tsaya har aka kai suna na ƙarshe. Ya cire takalman da ya aro, ya ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya, ya rataya a wuya, ya nufi bakin titi neman abin hawa.