Addis Ababa a matsayin birnin taruka

Addis Ababa, babban birnin Habasha, yana cikin biranen Afirka da suka fi karɓar baƙuncin tarukan ƙasa da ƙasa. A nan hedikwatar Tarayyar Afirka take, da ta Hukumar Tattalin Arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato ECA, shi ya sa ake yi masa laƙabi da babban birnin diflomasiyyar nahiyar. Siyasa ce ta fara jawo masa baƙi, tarukan 'yan kasuwa daga baya suka biyo sahu.

Tarihi

Sarki Menelik na Biyu da matarsa Taytu ne suka kafa garin a wajajen 1886. Darajar Habasha a idon sauran 'yan Afirka ta samo asali daga yaƙin Adwa na 1896, inda ta fatattaki sojojin Italiya. In ban da mamayar da Italiyar ta yi mata daga 1936 zuwa 1941, ƙasar ba ta shiga hannun Turawan mulkin mallaka ba. Da aka kafa ECA a 1958, ƙasashen Afirka masu 'yancin kai ba su da yawa, sai aka ajiye ofishinta a Addis Ababa.

Sarki Haile Selassie ya ga dama ta samu, ya sa aka gina wa hukumar zauren taro mai suna Africa Hall, wanda aka buɗe a 1961. An ce cikin wata 18 aka gama aikin. Tagogin gilashinsa masu launi aikin mai zane Afewerk Tekle ne.

A wannan zauren shugabannin Afirka suka hallara a watan Mayu na 1963, a lokacin da kawunansu suke rabe gida biyu. Rukunin Casablanca na son haɗewar gaggawa, rukunin Monrovia na son a bi sannu a hankali. Kwame Nkrumah na Ghana ya nemi a kafa gwamnati ɗaya ga nahiyar baki ɗaya. Firaministan Najeriya, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya tsaya a kan cewa kowace ƙasa ta riƙe 'yancinta, a fara da haɗin kai a fannin tattalin arziki da ilimi. Shugaban Nijar, Diori Hamani, yana cikin mahalarta. Ra'ayin masu bi sannu ne ya rinjaya, kuma a ranar 25 ga Mayu aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, mai ƙasashe 32 a farko. Taron Alƙahira na 1964 ya tabbatar da Addis Ababa a matsayin mazauninta, ya kuma zaɓi Diallo Telli ɗan ƙasar Gini babban sakatare.

Daga nan birnin ya zama wurin sulhu. A cikinsa aka ƙulla yarjejeniyar 1972 da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar Sudan na farko. Juyin mulkin 1974 a Habasha da mulkin soja na Derg, wanda ya kai har 1991, ba su sa ƙungiyar ta tashi daga birnin ba, haka ma lokacin da Tarayyar Afirka ta gaje ta a 2002.

Zauruka da masauki

Sabuwar hedikwatar Tarayyar Afirka kyauta ce daga gwamnatin Sin. An buɗe ta a Janairun 2012, kuma ta ci kusan dala miliyan 200. A 2018 jaridar Le Monde ta Faransa ta yi zargin ana kwasar bayanai daga kwamfutocin ginin zuwa Sin. Sin da Tarayyar sun musanta.

ECA na da cibiyar taronta daban, inda aka yi taron duniya na uku kan kuɗin raya ƙasa a Yulin 2015. An sake buɗe Africa Hall a Oktoban 2024 bayan gyara. Cikin manyan otal-otal akwai Hilton na 1969, da Sheraton na 1998, da Skylight na kamfanin jiragen saman ƙasar.

Sufuri

Bayan tarihi, babu abin da ya riƙe wa birnin matsayinsa kamar kamfanin Ethiopian Airlines, wanda ya fara tashi a 1946. Jiragensa na haɗa filin jirgin sama na Bole da yawancin manyan biranen nahiyar, har da Kano da Abuja da Legas da Yamai. A nahiyar da matafiyi kan ratsa ta Turai kafin ya isa wata ƙasar Afirka, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shirya taro. A Nuwamban 2018 aka fara ba 'yan Afirka biza a filin jirgi.

Yanayi da matsaloli

Birnin na kan tsauni, sama da mita 2,300 daga matakin teku, don haka babu zafi sosai, sai dai baƙo kan yi haki a kwanakin farko. Damina mai ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba take. Taron ƙolin Tarayyar a watan Fabrairu ake yin sa, lokacin da ake rufe hanyoyi saboda ayarin shugabanni, kuɗin ɗakin otal kuma ya yi tashin gwauron zabi.

A ƙarshen 2021, ana cikin yaƙin yankin Tigray na arewacin Habasha, wasu ofisoshin jakadanci sun kwashe ma'aikatansu. Duk da haka an yi taron ƙolin Fabrairun 2022 a birnin. A fagen tarukan kamfanoni, Nairobi da Kigali da Cape Town ne abokan gogayyarsa.