Waiwaye: yadda aure ya yi tsada, saki ya yi arha a Kano

Duk sanda aka ɗaura auren gata, wato wanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, a Kano sai maganar yawan zawarawa ta dawo ɗanya, kowa da wanda yake ɗora wa laifi, wasu su ce finafinai ne, wasu su ce waya ce, wasu su ce matan yanzu ne ba su da haƙuri. Toh amma fa saki ba jiya ya fara a ƙasar Hausa ba. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Baturiya Mary Smith ta rubuta tarihinta wajen 1950, aure huɗu ta yi a rayuwarta, kuma a zamaninsu wannan ba wani abin ta da jijiyar wuya ba ne. Ni a ganina abin da ya fi canzawa shi ne halin da mace ke faɗawa bayan sakin, da kuma wanda zai iya tsawata wa namiji kafin ya yi shi.

A da can yaro a cikin gandu yake, ubansa ne ke masa auren fari, a yanka masa sashe a cikin babban gida, a yi noma tare a ci daga rumbu ɗaya. Sau tari ma auren zumunci ne, matar 'yar baffansa ce ko 'yar kawunsa, kenan kafin ya buɗe baki ya ce na sake ki sai ya tuna da wane ido zai kalli tsohonsa da safe. In kuma zama ya ƙi daɗi, ta koma gidan ubanta inda akwai ɗaki akwai hatsi, ga sana'arta a hannu, kaɗi ko ƙuli-ƙuli ko fura, tana gama idda manema sun fara sallama, don auren bazawara ba ya cin wani kuɗi. Ba wai ba a zaluntar mata a lokacin ba ne, auren dole ma kaɗai ya ishe su, amma dai akwai inda za ta faɗa.

Sai aka shiga shekarun 1970, ga fari na 1973 ya koro mutane daga ƙauye, ga kuɗin fetur ya cika birni, ga makarantun UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, an buɗe a 1976 yara mata sun fara shiga aji. A nan hidimar biki ta fara kumbura. Lefen da ake kai wa a kwando ya koma fantimoti, daga nan ya koma saitin akwatuna, atamfa da leshi da takalma da jakunkuna. Uwar da a da za ta yi wa 'yarta jeren kwanuka da gadon ƙarfe mai rumfa, yanzu sai gado da kujeru da firji da kayan kicin, ga gara, ga kamu ga dina, wani uban wallahi gona yake sayarwa don kar a yi da 'yarsa a dangin miji.

Kuɗin ne bai zauna ba. Daga 1986 da Babangida ya kawo tsarin SAP na sauya fasalin tattalin arziki naira ta fara zubewa, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, masaƙun Kaduna ma haka, amma al'adar biki ba ta sauko ko taku ɗaya ba. Sai saurayi ya kai shekara talatin da wani abu yana tara lefe, ranar da ya yi auren kuma ya riga ya tsiyace, ya kai amarya ɗaki ciki da falo na haya a Kurna ko Sheka ko Ɗorayi, ba uba ba kawu a kusa, maƙwabta ma ba a san su ba. Faɗan kuɗin cefane kawai, ya yago takarda a littafin yaro ya rubuta layi biyu, ko ya turo saƙo ta waya, kafin la'asar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida ana loda kujerun da ko bashinsu ba a gama biya ba. Gidan uban da za ta koma shi ma haya ne, ƙannenta sun cika ɗakin.

Abin ya fito fili a Janairun 2009 lokacin da Hajiya Altine Abdullahi, shugabar ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya gangamin zawarawa a Kano, Hisbah ta hana. Bayan shekara 3, a 2012, gwamnatin Kwankwaso da Hisbah ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa suka fara auren zawarawa da mutum 100, a 2013 aka yi na 1,111, Ganduje ya yi na 1,500 a 2019, Abba Kabir Yusuf ya yi na 1,800 a Oktoban 2023. A 2024 kuma aka sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Duk alheri ne, kuma akwai gidajen da suka rayu ta dalilinsa, sai dai kusan dukkan ƙoƙarin a ƙofar shiga ya tsaya.

Wanda ya taɓo ƙofar fita shi ne Sarki Muhammadu Sanusi II, da ya kawo maganar dokar iyali a 2017, amma sai muhawarar ta maƙale a kan batun hana talaka ƙara aure, aka bar sauran, har aka sauke shi a 2020 dokar ba ta fara aiki ba. Alhali abin da ake nema yana nan a littattafanmu tun tuni. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta tana idda, mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi ta ba uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma a wuyan uba. Amma je ka kotun shari'a ka ga mata riƙe da yara suna bin kuɗin abinci wata da watanni, wasu kuma an ƙwace yaran an kai wa kishiya.

A auren gata Hisbah ta sa sharaɗin cewa ango ba zai yi saki ba sai ya dawo gabanta an zauna, wato aikin da uba yake yi a gandu kenan aka ɗora wa hukuma. Matsalar ita ce sharaɗin ya tsaya kan 'yan dubban da gwamnati ta aurar, sauran auren da ake ɗaurawa duk Juma'a da Asabar a masallatan unguwa babu mai tambayar ango komai ranar da ya ga dama.