Dokar Bukkokin Milford: Mutum 40 A Rana, Kuma Ba A Juyowa

Idan ku goma kuka shirya taka sayyada a hanyar Milford da ke kudancin Niyu Zilan, ku fara da sanin cewa ba ku za ku zaɓi inda za ku kwana ba. Hukumar kare daji ta ƙasar, DOC, wadda aka kafa a 1987, ita ta riga ta tsara muku.

Hanyar kilomita 53.5 ce cikin gandun Fiordland, tafiyar kwana huɗu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu, mutum 40 kacal ake bari su fara tafiya kowace rana ba tare da ɗan jagora ba. Dalili kuwa a bayyane yake: kowace bukka gadaje 40 gare ta. Daren farko a Clinton, na biyu a Mintaro, na uku a Dumpling, kowa da sunansa a rajista tun kafin ya hau jirgin ruwan da zai sauke shi a Glade Wharf. Ba a kwana biyu a bukka ɗaya, ba a tsallake wata, kuma kowa ya nufi Sandfly Point, inda hanyar ta ƙare, babu mai tahowa daga can. Tanti ma ba a kafa shi a hanyar.

A nan ne masu tafiya a ƙungiya suke shan wuya. Gurabe kan ƙare jim kaɗan da buɗe rajista, sai ka ga an samu wa shida, huɗu sun rasa. Shugaban tafiya ya tanadi cikakken sunan kowa tun da wuri, ya kuma san cewa baƙo daga ƙasar waje ya fi ɗan ƙasa biya. Wanda gwiwa ta dama bayan ya hau mashigin Mackinnon, mai tsayin mita 1,154, ba shi da damar cewa zai ƙara kwana ya huta, domin wasu 40 suna bayansa, jiƙe sharkaf, suna jiran gadon nan. Sai in mai gadin bukka ne ya tsayar da kowa saboda ambaliya, kuma hakan na faruwa, don ruwan sama a yankin yakan haura mita 6 a shekara.

Na san tsarin da tsauri, amma ina goyon bayansa. Dajin nan gansakuka ta lulluɓe itatuwansa, ƙasarsa kullum a jiƙe, tanti ɗaya ya isa ya bar tabo. Tsuntsayensa kuma a takure suke tun da aka shigo da wata dabba mai kama da tunku a shekarun 1880 don ta ci zomaye, ta koma kan ƙwai da 'yan tsaki. Shi ya sa Dokar Gandun Daji ta 1980 ba ta yarda a shiga da kare ba sai da izini na musamman, aka kuma hana ba wa akun tsauni, kea, abinci, ko da ya zo yana jan igiyar takalminka a bakin ƙofa.

Shara kowa ya goyo tasa ya fita da ita. A bukka akwai katifa da murhun gas, amma tukunya da abinci da jakar barci naka ne. Daga Mayu ana ɗauke gas ɗin, a cire wasu gadoji saboda zaftarewar ƙanƙara, masu gadi su bar bukkokin.