Kallon Wasan Daɓe a Montreal: Ina Ake Yi da Faransanci, Ina Ake Yi da Ingilishi?

Me ya sa aka ware Montreal a wannan magana?

Saboda birni ne da harsuna biyu ke da gidajen wasan kwaikwayo nasu na dindindin, kowanne da 'yan wasansa da masu kallonsa. Montreal tana lardin Kebek na ƙasar Kanada, inda Faransanci ne harshen hukuma tun 1974, don haka gidajen Faransanci sun fi yawa nesa ba kusa ba. Na Ingilishi kaɗan ne, amma sun kafu. Ɗalibi ko baƙon da ya fito daga Nijar zai fi sakewa a ɓangare ɗaya, wanda ya fito daga Najeriya ko Gana a ɗayan, mutumin Kamaru kuwa sau da yawa yana iya cin moriyar duka biyun. Abin da ya kamata mutum ya fara tantancewa shi ne wane harshe kunnensa ke kamawa idan ana magana da sauri, domin a kan daɓe ba a maimaita wa kowa.

Waɗanne ne manyan gidajen Faransanci?

Théâtre du Nouveau Monde, wanda kowa ke kira TNM, an kafa shi a 1951, yana kan titin Sainte-Catherine, da kujeru kimanin 800. Nan ne gidan tsofaffin wasannin Faransa da manyan wasannin duniya da aka fassara. Kusa da shi, a cikin ginin Place des Arts, akwai kamfanin Duceppe, wanda ɗan wasa Jean Duceppe ya kafa a 1973. Ya fi karkata ga wasannin zamani, na gida da na waje. Duka biyun ana isa gare su ta tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Place-des-Arts a koren layi, kuma ana shiga Duceppe daga tashar ba tare da an fita sarari ba, abin da ba ƙaramar ni'ima ba ce a watan Janairu.

A titin Saint-Denis akwai Théâtre du Rideau Vert, wanda mata biyu, Yvette Brind'Amour da Mercedes Palomino, suka kafa a ƙarshen 1948. A kan titin dai akwai Centre du Théâtre d'Aujourd'hui, wanda ya keɓe kansa ga wasannin marubutan Kebek da na sauran masu Faransanci a Kanada. Sai ƙananan gidaje irin su Quat'Sous da La Licorne da Espace Go, inda ɗan kallo ke zama dab da 'yan wasa har yana jin numfashinsu.

Na iya Faransanci sosai. Ke nan ba ni da matsala?

A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Faransancin da ake koyarwa a makarantun Yamai ko Damagaram shi ne na littafi, kuma shi za ka ji a TNM idan ana yin tsohon wasa daga Faransa. Amma wasan da aka rubuta a kan rayuwar mutanen Montreal yana zuwa ne da karin harshen Kebek, wani lokaci ma da salon maganar talakawan birni da ake kira joual. A cikinsa ana haɗiye gaɓoɓi, "moi" ta koma "moé", "je suis" ta koma "chu", ana cusa kalmomin Ingilishi da aka lanƙwasa, zagi kuma ana ɗauko shi ne daga sunayen kayan coci. Wannan salo ya samu gindin zama a kan daɓe ne a 1968, lokacin da Rideau Vert ya gabatar da Les Belles-sœurs na Michel Tremblay, wasan mata 15 a ɗakin girki guda. An yi ta cece-kuce a kansa a wancan lokaci, amma tun daga nan marubutan Kebek suka daina jin kunyar sa 'yan wasa su yi magana kamar yadda ake yi a unguwa.

Har wasannin da aka fassara daga Ingilishi, galibi mafassaran Kebek ne ke yinsu da harshen gida. Shawara ita ce a fara da tsohon wasan da aka san labarinsa, a karanta taƙaitaccen bayaninsa kafin a je, sannan a kalli ɗan guntun bidiyon talla da gidajen ke sakawa a shafukansu. Minti ɗaya ya isa ka gane ko kunnenka zai ɗauka. Wasan ban dariya shi ya fi wuya, domin dariyar jama'a na danne rabin jimla, kuma raha na dogara da kalmar da ba a cikin ƙamus take ba. A bar shi sai kunne ya saba.

To na Ingilishi fa?

Manya biyu ne. Centaur Theatre, wanda aka kafa a 1969, gidansa shi ne tsohon ginin kasuwar hannun jari a tsohon gari, kan titin Saint-François-Xavier, kusa da tashar Place-d'Armes a layi mai ruwan lemo. Zaure biyu gare shi, babba da ƙarami. Na biyun shi ne Segal Centre a yankin Côte-des-Neiges, wanda ya yi suna da wasanni masu waƙa da rawa, kuma a nan ne ƙungiyar wasan harshen Yiddish, na Yahudawan Turai, da Dora Wasserman ta kafa a 1958 take.

Wanda ke son labaran baƙar fata, na Afirka da Karibiyan da zuriyarsu a Kanada, ya nemi Black Theatre Workshop, kamfanin da ya haura shekara 50 yana aiki. Sai dai a lura: kamfani daban, gini daban. Wannan kamfani yana yin wasanninsa a zauruka daban-daban, kuma ko gidajen da ke da gini nasu kan koma wani wuri idan ana gyara. Adireshin da ke jikin tikiti shi ne abin bi, ba wanda ke cikin ƙwaƙwalwa ba.

Akwai fassara ga wanda bai ji harshen ba?

Akwai, amma ba kullum ba. Ana haska fassarar a allo saman daɓe, abin da ake kira "surtitres". Wasu gidajen kan ware darare ƙalilan don haka, saboda haka a duba ranar kafin a biya. Bikin Festival TransAmériques, da ake yi daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, shi ya fi yawan amfani da ita, tunda yana kawo wasanni daga ƙasashe da dama. Idan da fassara za ka dogara, kada ka sayi kujerar sahun gaba: wuyanka zai gaji da ɗaga kai, kuma idonka ba zai haɗa allo da fuskar ɗan wasa a lokaci guda ba. Tsakiyar zaure zuwa baya, ko sahun farko na bene, ya fi.

Yaushe ake wasa, kuma yaya ake sayen tikiti?

Kakar wasa tana farawa a Satumba ta ƙare wajen Mayu ko Yuni, kuma kowane wasa kan yi mako uku zuwa biyar. Litinin yawanci ba a wasa. Ana farawa da ƙarfe 7:30 ko 8 na dare, wanda gidajen Faransanci ke rubutawa 19 h 30 da 20 h. A ƙarshen mako akwai na rana. Ana saye ta intanet ko a tagar tikiti, wato "billetterie". Ga kalmomin da za a gani: "complet" na nufin an sayar duka, "supplémentaire" ƙarin rana ce da aka buɗe saboda yawan masu nema, "relâche" ranar hutu, "parterre" kujerun ƙasa, "balcon" na bene, "admission générale" kuwa babu lambar kujera, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓa. Yawancin gidaje na rage kuɗi ga ɗalibai da matasa, amma za a nemi katin shaida a ƙofa. A duba jimillar ƙarshe kafin a biya, domin kuɗin hidima kan hau kan farashin da aka fara gani.

Idan aljihu bai da nauyi fa?

Makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasa, wadda aka kafa a 1960, tana da sashen Faransanci da na Ingilishi, kuma ɗalibanta na ajin ƙarshe suna gabatar da wasanni ga jama'a a gidan wasa na Monument-National da kuɗi kaɗan. A watan Yuni akwai bikin Fringe, inda ake zaɓen masu wasa ta hanyar ƙuri'a, don haka za ka iya cin karo da gwani ko da ɗan koyo; tikitinsa da araha, harsunan biyu duka ana yi. Da bazara kuma Repercussion Theatre na zagaya wuraren shaƙatawa da wasannin Shakespeare a fili, mutum ya zo da abin shimfiɗarsa, ya ba da abin da ya sawwaƙa.

Wane kuskure ne ya fi ɓata wa sabon zuwa dare?

Makara. Da an rufe ƙofa, ana iya hana ka shiga har sai hutun tsakiya, kuma wasanni da yawa yanzu ana yinsu "sans entracte", wato babu hutu, awa ɗaya da rabi zuwa biyu a jere. Wanda ya makara a irin wannan ya yi asarar kuɗinsa. A isa da minti 30, musamman da hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ke rage gudun motoci kuma ana layi wajen ajiye manyan riguna. A kashe waya gaba ɗaya; ɗaukar hoto ko bidiyo haramun ne a zaure.

Mai kiyaye salla ya lissafa lokaci: a Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4:15, sai a yi Magariba da Isha kafin a fito, amma a Yuni sai wajen 8:45, wato tsakiyar wasa, don haka wasan rana ya fi dacewa. Haka nan a karanta gargaɗin da ke shafin kowane wasa, inda ake faɗin ko akwai tsiraici, ashar, hayaƙi ko fitilu masu walƙiya, da shekarun da suka dace. Mai zuwa da yara ya nufi Maison Théâtre idan Faransanci suke ji, ko Geordie Theatre idan Ingilishi ne.