Bayanau na Wuce Kima a Harshen Ingilishi

Bayanau na wuce kima rukuni ne na kalmomin Ingilishi da ke nuna cewa wani hali ko aiki ya zarce iyakar da ta dace. Fitattu a cikinsu su ne "too", "excessively", "overly", "unduly", "inordinately" da "immoderately". Abin da ya raba su da kalmomin ƙarfafawa irin su "very" shi ne hukunci: mai magana yana da wani ma'auni a ransa, kuma yana cewa an tsallake shi. Idan aka ce shayi "very hot" ne, zafinsa kawai aka bayyana, mai so ya kurɓa. Idan aka ce "too hot", to ba ya shawuwa sai ya huce.

"Too" ita ce uwar rukunin, ita ce kuma ta bakin kowa. Asalinta ɗaya da "to" a tsohon Ingilishi. A ƙarni na 16 ne rubutunta da wasali biyu ya zauna, aka raba su. Tana da ma'ana ta biyu, wato "kuma" ko "ma", wadda ba ta shiga wannan rukuni. Tana zuwa gaban sifa ko wani bayanau, amma ba ta hawa aikatau kai tsaye, sai an haɗa ta da "much": "he talks too much", ya cika surutu. Sau da yawa tana jawo abin da wuce kimar ya hana, kamar "too tired to walk", gajiya ta hana shi tafiya. Ana ƙara mata nauyi da "far" ko "much", Amurkawa kuma sun fi son "way" a hira.

Sauran galibi kalmomin takarda ne, kuma yawancinsu daga Latin suka fito, wasu ta hanyar Faransanci wanda ya mamaye fada da kotunan Ingila bayan 1066. Tushen "excessively" na nufin fita waje da iyaka, na "inordinately" rashin tsari, na "immoderately" rashin ma'auni. "Overly" ce kaɗai 'yar gida, daga "over", amma ta daɗe tana shan suka a Ingila ana ganin ta Amurkawa da mutanen Sikotilan ce.

"Unduly" ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba yawa kaɗai take nunawa ba, tana nuna an wuce abin da ya cancanta. Shi ya sa lauyoyi suka riƙe ta. A ƙarƙashin dokar shari'ar laifuka ta 1988, Antoni Janar na Ingila da Wales na iya kai hukuncin da ya ga "unduly lenient" ne gaban kotun ɗaukaka ƙara. Sassauci kaɗai bai isa ba, sai ya zama sassaucin da ya wuce hankali. Kalma ɗaya ce ke riƙe da wannan bambanci, kuma ɗaurin mutum na iya ƙaruwa a kanta.

Wasu kalmomin sun bar rukunin da tafiyar zamani. "Exceedingly" yanzu "ƙwarai" kawai take nufi, ba zargi a cikinta. Ita kanta "too" tana juyewa a wasu wurare: "only too glad" farin ciki ne matuƙa, "not too bad" kuwa amsar gaisuwa ce, kamar a ce da sauƙi.

A nan ne ɗalibi Bahaushe kan yi tuntuɓe, kuma ba laifinsa ba ne. Hausa ba ta ɗora wannan ma'ana kan bayanau guda. Aikatau ne ke ɗaukarta: gishiri ya yi yawa, rigar ta yi mini kaɗan, ya faye barci, farashi ya wuce kima. Saboda haka yaro kan rubuta wa malaminsa "you are too kind to students" da niyyar yabo, alhali Bature na iya fahimtar cewa malamin ya cika sakaci da su. Turancin Najeriya da Pidgin sun ƙara dagula lissafin, domin a can "you too much" jinjina ce, irin wadda ake yi wa ɗan ƙwallon da ya ci ƙwallo mai kyau.