Ƙa'idar taɓa umarnin cp: kada sabon gyara ya karya tsohon aiki

Masu kula da umarnin kwafin fayil, irin su cp na tsarin kwamfuta irin Linux, suna da ƙa'ida mai sauƙin faɗi: abin da umarni ya saba yi, a bar shi yana yi. Idan ana son sabon hali, a ƙirƙiro masa sabon zaɓi.

Inda ake yawan kuskure shi ne wajen fahimtar me ake kira hali. Kwafin kansa ɓangare ɗaya ne kawai. Akwai saƙon da umarnin ke bugawa, akwai kuma lambar da yake mayarwa idan ya gama: 0 na nufin nasara, duk wata lamba kuma gazawa. Mutum a gaban allo bai cika lura da wannan lamba ba, amma rubutattun umarnai da ke tafiya da kansu a kanta suka dogara. Rubutun da aka sa wa set -e, wato umarnin tsayawa idan an sami gazawa, yana tsayawa cak da zarar ya ga lambar da ba 0 ba. Haka ma make, shirin da ake harhaɗa manhaja da shi, haka ma duk abin da ya biyo bayan &&, alamar da ke nufin a ci gaba kawai idan na baya ya yi nasara.

Zaɓin -n na cp ɗin GNU coreutils, tarin umarnan da yawancin na'urorin Linux ke amfani da su, ya nuna illar a fili. Aikinsa shi ne ya hana cp rubutu a kan fayil ɗin da ya riga ya kasance. Shekara da shekaru yana tsallake fayil ɗin shiru, ya mayar da 0. A fitowa ta 9.2, cikin 2023, aka mayar da tsallakewar ta zama gazawa. Hujjar ba ta banza ba ce, domin cp na wasu tsarukan, wato FreeBSD da macOS, haka suke yi, kuma ma'aunin POSIX, wanda ke fayyace yadda irin waɗannan umarnai za su yi aiki, bai san -n ba balle ya raba gardama. Sai dai rubutun da ke ajiye fayil ɗin saiti idan babu shi, ya wuce idan akwai, ya koma mutuwa a zagaye na biyu alhali ba a taɓa masa ko harafi ba.

A 9.3 aka kawo --update=none mai tsohon halin. A 9.5, cikin 2024, aka mayar da -n yadda yake, aka ba masu son gazawa --update=none-fail. A ganina da nan ya kamata a fara tun farko.

Ga mai rubuta umarni, a duba cp --version tukuna. Daga 9.3 zuwa sama, --update=none ya fi -n tabbas, amma tsofaffin fitowa ba su san shi ba. Idan rubutun zai yi yawo tsakanin na'urori daban-daban, a yi gwajin da hannu: [ -e makoma ] || cp tushe makoma, wato a kwafa kawai idan babu fayil ɗin a makoma. Rauninsa ɗaya ne: tsakanin dubawa da kwafi wani shiri na iya ƙirƙirar fayil ɗin, cp kuma ya rubuta a kansa.