Waiwaye: Audugar Gombe da dokar da ta zo a makare

Matashi a Gombe in ya ji BCGA, unguwa ce kawai inda mai Keke Napep ke sauke fasinja. Alhali sunan ƙungiyar Turawan Ingila ce masu neman auduga, wadda aka kafa a Manchester a 1902, kuma ita ta kafa injin gurzar auduga a garin a 1956. Da jirgin ƙasa ya iso a 1963, sai harka ta buɗe. Dattawan Kumo har yau suna ba da labarin fuloti, da sikeli, da layin jakuna ɗauke da farar auduga in kaka ta yi.

Amma auduga ta riga Bature zuwa. Na taso na iske kakata tana shiɓa da hantsi, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, zare na sauka siriri kamar gashi. Masaƙi ya karɓa, daga nan sai marina, inda baba da toka suka ishi mai rini. Rama kuma a jiƙa ta a rafi a saɓule ɓawonta a tuƙa igiya. In gwado ya tsufa ya zama tsumma, ƙarshensa bola, daga bola ya koma gona a matsayin taki.

Masana'antu suka canza wannan lissafi. Masaƙar Kaduna, KTL, ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kakuri da Kano. Audugarmu suke saƙawa, amma rinin na sinadari ne, ruwan wankinsa kuma yana gangarawa Kogin Kaduna da Challawa ba mai tambaya. Sai da aka bankaɗo gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu, a 1988, sannan gwamnatin soja ta farka ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1992 aka wajabta auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, ta zo a 2007, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu, tufafi, fata da takalma.

Abin da ke ci mini rai shi ne lokacin. An rushe hukumar cinikin auduga tun 1986, manomi ya rasa tabbacin iri da farashi. KTL ta rufe a 2002. UNTL, babbar masaƙar Kaduna, ta tsaya a 2007, shekarar da aka haifi NESREA. An ɗinka wa masana'antar riga bayan ta kwanta ciwo.

Yau shiga kasuwar Gombe ka taɓa yadi: yawanci na roba ne, daga Sin. Fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa foliyesta ne, wanda ake yi daga man fetur, kuma ba ya ruɓewa. Shi ya sa ƙasashen waje suka dawo neman zaren tsiro, irin su auduga da rama, abin da muka saki da hannunmu.

Sai dai kada mu wanke auduga tas. Ban-ruwan gonakinta ne ya ƙafar da Tekun Aral a tsakiyar Asiya. Tamu da ruwan sama take yi, wannan falala ce babba, amma tana shan feshi saboda tsutsa. Irin Bt, wato irin auduga da aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kashe tsutsa, wanda Najeriya ta amince da shi a 2018, an kawo shi ne don rage wannan feshin, ko da yake manomi sai ya sayi sabon iri kowace damina.

Ƙa'idojin 2009 da babbar masana'anta aka rubuta su a zuci, mai bututu da wurin tace ruwa. Ga mai ƙaramin rini a lungu, yana zuba ruwan soda a kwata, yara na tsallakawa ba takalmi. Bara a hanyar Deba na ga wani manomi ya gama feshi, ba safar hannu ba takunkumi, ya durƙusa bakin rafi yana ɗauraye tankin. Ƙasa da shi kaɗan, shanu na shan ruwa.